Sunana ɗaya da wani babban mawaƙi, in canza ne ko in bar shi haka?

"Assalamu alaikum Yaya, barka da aiki. Ni matashi ne ina waƙa a nan Jos, a Anguwar Rogo nake. Matsalata ita ce sunana da na mahaifina iri ɗaya ne sak da na wani mawaƙi da ya riga ni yin suna. Kwanaki na saki waƙa, da aka ɗora ta a manhajar jin waƙoƙi sai ta faɗa shafinsa, har wasu shi suke yi wa barka. Abokaina sun rabu biyu, wasu sun ce in bari haka ai talla ce kyauta, wasu sun ce in canza suna. Ni kuma ina ganin ai Ronaldo ma biyu ne kuma kowa ya ci abincinsa, a Kannywood ma Maryam nawa ake da su. Don Allah me ya sa abun ya yi yawa a cikin shahararrun mutane, ya suke yi ba sa cakuɗewa, kuma ni me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. In na fahimce ka tambaya uku ka dunƙule waje ɗaya: me ya sa takwarori suka yi yawa a fim da ƙwallo da waƙa, ta yaya ake bambance su, sannan kai da kake ƙasa kuma takwaranka ya riga ka hawa me za ka yi. Bari in faɗa maka matsayata tun yanzu don kar in ja ka da nisa. Sunan yanka ka bar shi yadda mahaifinka ya raɗa maka, ba wanda ya isa ya raba ka da shi, amma sunan sana'a dole ka nemi naka na kanka, kuma yanzu, tun waƙoƙinka ba su yi yawa ba. Ni aikina gabatar da shirin wasanni da nishaɗi a rediyo a nan Jos, kuma shekarun nan ina taimaka wa yara masu tasowa wajen ɗora waƙoƙinsu a intanet, toh daga nan na samo abun da zan gaya maka.

Me ya sa sunayenmu suke yawan karo

Sunayen da muke raɗa wa yara ba su da yawa, kusan duk daga Annabawa ne da Sahabbai da iyalan gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma muna yin haka ne da gangan don neman albarka, ba wai rashin dabara ba ne. Gida ɗaya ma sai a samu Muhammadu biyar, shi ya sa aka jera su Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu. Ka duba wannan jerin kawai ka ga mutum nawa ya ba mu: Sani Danja, Sani Mu'azu namu na nan Jos, marigayi Sani Sabulu na Kanoma, Sani Kaita ɗan ƙwallo, Rabi'u Rikadawa a fim, Rabi'u Ali a Kano Pillars, Hamisu Breaker a waƙa, Hamisu Iyantama a shirya fim. Ga kuma al'adar mayar da suna, a haifi yaro a sa masa sunan kakansa ko wan babansa, sai ka ga sunaye uku zuwa huɗu suna ta zagaye a dangi ɗaya shekara da shekaru.

Abu na biyu, mu asali ba mu da sunan dangi da ake gada kaman yadda wasu ƙabilu suke da shi, sunan uba ake liƙa wa ɗa, shi ma uban daga cikin sunayen nan ƙalilan aka zaɓo nasa. Musa Ibrahim ya haifi Ibrahim Musa, shi kuma ya haifi Musa Ibrahim. Ka je tashar Bauchi Road da safe ka ɗaga murya ka ce "Malam Musa!" ka ga mutum nawa za su waigo, toh haka intanet take, sai dai ita tashar tata duniya ce gaba ɗaya. Wannan ne ma ya sa tun zamanin makarantun boko na farko ake ƙara wa ɗalibi sunan garinsu a rajista, aka samu su Aminu Kano da Shehu Shagari da Tafawa Balewa.

Bahaushe ya daɗe da maganin abun

Maganin shi ne laƙabi, kuma gaskiya mun ƙware a kansa fiye da yadda muke yaba wa kanmu. Ɗauki Dan Maraya Jos. Sunansa Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi, ya rasu a watan Yunin 2015. Adamu nawa ne a Bukuru? Ba sa ƙirguwa. Amma kana cewa Dan Maraya Jos kowa ya ji ƙarar kuntigi a kunnensa, saboda sunan ya ɗauko tarihinsa ya ɗauko garinsu, ba wanda zai iya sa shi ya zauna masa daidai. Irin sunan da nake so ka nema kenan.

A Kannywood da ka kawo misali, Maryam ɗin suna da yawa da gaske, amma ka lura ba wacce ake kira Maryam tsurarta. Maryam Booth, Maryam Yahaya, Maryam CTV, Maryam Malika, kowacce da abun da aka rataya mata. Fati ma haka, Fati Muhammad, Fati Washa, Fati Shu'uma, ga Fati Nijar mawaƙiya da ta ɗauki sunan ƙasarsu, kaman yadda Hadiza Aliyu ta zama Hadiza Gabon saboda a Libreville aka haife ta. Wasu garinsu ne ya raba musu gardama, Adam A. Zango, Dauda Kahutu Rarara. Wasu rawar da suka taka a fim ce ta bi su har gida ta danne sunan yanka, Rabilu Musa ya rasu a Disambar 2014 amma har gobe Ibro ake cewa, Sulaiman Yahaya kuwa in ba ka ce Bosho ba mutane da yawa ba za su gane wa kake nufi ba. Ali ma ga Ali Nuhu, ga Ali Jita, ga Ali Artwork, ba wanda yake ruɗewa.

Sai dai wajen da na fi ganin hikimar abun shi ne dambe, kuma ina so ka nutsu a nan don ya shafi maganarka kai tsaye. In ka taɓa zuwa gidan damben Dei-Dei a Abuja da yamma, mai sanarwa yana riƙe da lasifika ana ta kiɗa ƙura na tashi, za ka ji yana cewa Shagon wane daga Arewa zai taka da Bahagon wane daga Kudu, ko Autan wane daga Guramada. Sunan ɗan damben na yanka ma sau da yawa ba a faɗa, ana jingina shi ne ga ubangidansa ko yayansa, shi ya sa ake da su Ali Ƙanin Bello da Bahagon Sanin Kurna. Wani zai ce toh ai ga shi nan ana cin abinci da sunan wani. Eh, amma da izini ne. Yaron ya zauna a hannun mai sunan, ya ɗaukar masa jaka, ya ɗaure masa zare a hannu, shi ya koya masa yadda ake tsayuwa da yadda ake kai naushi, in an buge shi ubangidan ne yake jin kunya, in ya yi kisa, wato ya kayar da abokin karawarsa, shi ake yi wa barka. Sunan shaida ce ta cewa daga gidan wane ya fito. Kai kuwa tsakaninka da takwaranka babu wannan, bai san ka ba, bai koya maka komai ba, haɗuwar suna ce kawai. In ka zauna a inuwarsa ba almajirinsa za a ɗauke ka ba, mai kwaikwayo za a ce, ko kuma a ce ɗan damfara, alhali kai ba ka yi laifin komai ba.

Maganar Ronaldo

Ka ce Ronaldo biyu ne kowa ya ci abincinsa. Sun ma fi biyu, kuma in ka bi tarihin za ka ga shi yake ƙara ƙarfafa maganata. A Kofin Duniya na 1994 Birazil ta je da wani mai tsaron baya Ronaldo, ga kuma yaro ɗan shekara 17 shi ma Ronaldo, sai aka riƙa kiran babban Ronaldão, yaron kuma Ronaldinho, wato ƙaramin. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, ranar da Najeriya ta farfaɗo daga 3-1 ta ci Birazil 4-3 Kanu ya zura ƙwallon zinare da ta raba gardama, Ronaldo ɗin da ka sani mai lamba 9 daga baya, Ronaldinho ne rubuce a bayan rigarsa saboda akwai wani Ronaldo Guiaro a tawagar da ya girme shi. Da ya ƙasaita ya karɓe sunan Ronaldo, sai ga wani yaro daga Porto Alegre shi ma sunansa Ronaldo de Assis Moreira, shi ne ya gaji Ronaldinho, har aka ƙara masa Gaúcho don a nuna yankin da ya fito, kaman dai mu ce ɗan Jos ko Bakano. Cristiano na Fotugal da aka haifa a 1985 shi kuma yana da sunan farko daban, ya kuma gina CR7 har ta zama tambarin kasuwanci, magoya baya suka koma kiran na Birazil R9. Ka ga a labarin nan yawanci wanda ya zo daga baya ne yake fara karɓar ƙari a sunansa.

Kuma ɗan ƙwallo yana da abun da kai ba ka da shi, yana da kulob, yana da lamba a baya, ana ganin fuskarsa minti 90. Duk da haka ana shan wahala. Mousa Dembélé na Beljiyam ya bar Fulham zuwa Tottenham a 2012, a shekarar kuma Moussa Dembélé na Faransa ya shigo Fulham ɗin, bambancinsu harafi ɗaya, ga Ousmane Dembélé a gefe. Luis Suárez na Yurugwai ya buga wa Barcelona, amma Luis Suárez da ya ci Ballon d'Or a 1960 yana Barcelona ɗan Sifaniya ne, ya rasu a 2023, ga wani na uku ɗan Kolambiya yana bugawa yanzu. Mali kuwa a gasar Afirka ta 2019 a Masar Adama Traoré biyu ta tafi da su, duka haihuwar 1995, kuma ba ɗayansu ne mai ƙwanjin nan na Sifaniya da ya yi Wolves ba. Mu masu sharhi a rediyo mu muka san zafin wannan, mai sauraro ba ya ganin fili, in ka ce Moses ya ɗauki ƙwallo lokacin da Victor Moses da Moses Simon suke Super Eagles tare toh ba ka faɗa masa komai ba. Victor ma haka, Ikpeba ya zama gwarzon Afirka a 1997, Osimhen a 2023, ga Victor Obinna Nsofor haihuwar Jos, ga Boniface.

Masu fim da waƙa a waje su ba sa ma jiran a raɗa musu. A Amurka ƙungiyar 'yan fim ba ta son mambobi biyu su yi aiki da suna ɗaya, shi ya sa wani Michael Douglas da ya tarar an riga shi ya koma Michael Keaton. David Bowie sunansa David Jones, ya canza saboda wani mawaƙi Davy Jones. Katy Perry sunanta Katheryn Hudson, ta kauce wa 'yar fim Kate Hudson. Michael B. Jordan ɗan fim ya riƙe harafin B na sunansa Bakari a tsakiya saboda Michael Jordan na ƙwallon kwando da ya ci kofin NBA 6 da Chicago Bulls. A Indiya Kiara Advani sunanta Alia, ta bar shi saboda Alia Bhatt ta riga ta. Khan ɗin nan uku da muke kallo tun muna yara, Aamir da Shah Rukh da Salman, duka 1965 aka haife su kuma ba 'yan'uwa ba ne, har yau kuma akwai masu haɗa Aamir da Amir Khan ɗan damben boksin na Bolton a Ingila da ya ci azurfa a Olamfik ta 2004.

Ba sai mun je nesa ba ma. Jos ta fitar da Jude biyu a harkar waƙa, Jude Abaga da Jude Okoye yayan su P-Square, amma na farkon duniya M.I ta sani. Paul Okoye na P-Square yana da takwara sak, suna da sunan dangi, mai shirya manyan wasannin waƙa da ake kira Paulo, shi mawaƙin kuma da ya tsaya da ƙafarsa Rudeboy ya zama. Za ka iya ce min ai Ahmed Musa bai canza komai ba, sunan da kowane layi a Bukuru akwai mai shi. Gaskiya ne, amma shi ne ya riga kowa kai sunan sama, ƙwallo 2 a ragar Ajantina a 2014, wasu 2 a ragar Iceland a 2018, yanzu duk wani yaro Ahmed Musa da zai taso a ƙwallo shi ne zai nemi ƙari. A labarinka kai ba Ahmed Musa ba ne ƙanena, kai ne yaron da ya zo daga baya. Kuma shi kansa a shafukansa na sada zumunta sai da ya ƙara 718 a jikin sunan, Ali Nuhu ma da yake shugabantar hukumar fina-finai ta ƙasa mai hedikwata a nan Jos tun Janairun 2024, realalinuhu yake amfani da shi a Instagram.

Abun da ya canza shi ne na'ura

A da mutane ne suke raba takwarori, kuma mutum yana da hankali, in an ce Sani a gidan biki ya san ba ɗan ƙwallo ake nufi ba. Kwamfuta ba ta san wannan ba, haruffa take gani. Yadda abun yake aiki, kai ba ka ɗora waƙa kai tsaye a Spotify ko Apple Music, sai ta hannun kamfanin rarraba waƙa irin su DistroKid ko TuneCore, su za su ba waƙar lambarta ta duniya da ake kira ISRC mai haruffa da alƙaluma 12, su aika ta. Wajen cike fom ana tambaya ko mawaƙin yana da shafi a can, in yana da shi a sa adireshin shafin, in babu a ce sabo ne. Yawancin yaran situdiyo da suke ɗora wa mutane waƙa tsallake wannan wajen suke yi, sai na'ura ta duba ta ga akwai mai irin sunan ta kai waƙar can. Kusan tabbas abun da ya same ka kenan.

Akwai wani yaro daga Rikkos da ya same ni bayan na fito daga shiri, ya miƙo min waya fuskarta duk ta tsage, hannunsa har rawa yake, ya ce Yaya duba. Waƙarsa ce da Hausa, wacce ya tara kuɗin situdiyonta da gyaran waya, tana zaune a ƙarƙashin hoton wani bature mai gemu da jita wanda ko ƙasarsu bai sani ba, saboda laƙabin Turanci da ya zaɓa wani ya riga shi. Mun rubuta wa kamfanin da ya rarraba waƙar muka tura lambar waƙar da adireshin shafin da ta faɗa, an gyara, amma kafin a gyara ɗin zafin waƙar ya wuce, duk wanda ya ji ta ya so ta a makonnin farko baturen ya bi. Wannan ita ce asarar da abokanka masu cewa talla ce kyauta ba su gani ba. Kuɗin sauraro yawanci yana bin lambar waƙa ne zuwa akawun ɗin wanda ya ɗora, toh ba lallai kuɗi ya ɓata ba, amma mabiya fa? Mai neman mawaƙin biki da ya ji waƙar, lambar wa zai nema? Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, haka ne, amma a nan kai ne kake zuba ruwan wani yana sha.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi wannan muni. Sau da dama cikin dare saƙo zai shigo guruf wai wane ya rasu, ga hoton fitaccen jarumi an sa masa Innalillahi, kafin asuba ya zagaye ko'ina, alhali takwaransa ne wani bawan Allah ya rasu. Ni dokar da na sa wa kaina ita ce ba na faɗar rasuwa ko kamu ko saki a iska sai na amsa tambaya uku, wanne daga ciki, ɗan ina ne, wa ya tabbatar daga gidansu. Ka yi tunani gobe takwaranka ya shiga rigimar siyasa ko ya yi waƙar da ta ɓata wa wani ɓangare rai, a gari irin Jos da muka san yadda magana take saurin kama wuta, kai da kake yawo a Terminus da sunan a bakin kowa ya za ka yi? Shi ma in kai ka yi abun kunya a kansa zai faɗa, kuma yana da haƙƙi ya ji haushi.

Zaɓin da ke gabanka

Na farko ka bar sunan yadda yake. Na riga na faɗa maka ban goyi baya ba. Na biyu ka ƙara harafi a tsakiya, yadda su Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa da Naziru M. Ahmad suke yi. Wannan yana ɗan taimakawa a rubuce, amma ka lura su ba harafin ne ya raba su da kowa ba, kuma a baki ba ya aiki, mai gabatarwa a gidan biki cikin hayaniya haɗiye shi zai yi. Na uku wanda na fi ƙi, ka sa Junior ko Ƙaramin wane ko Sabon wane. Ranar da ka yi haka ka yanke wa kanka tsawo, ko ka fi shi murya a ƙarƙashinsa za a riƙa auna ka, kama da wane ba ta wane. Ko Auta ma da yake da daɗin faɗa ya fara cika, ga Auta Waziri ga Auta MG Boy, in ka shigo na uku ka koma gidan jiya.

Na huɗu shi ne shawarata, ka riƙe sunanka na farko ka ɗaura masa wani abu da yake naka kai kaɗai. Ka zauna da mahaifiyarka ko kakarka ka tambaye su sunan da suke kiranka kana yaro, sau da yawa sunan alkunya da ake sa wa ɗan fari ko mai sunan kaka ya fi duk wani laƙabin Turanci daɗi kuma ba mai shi. Ka duba sana'ar gidanku, unguwarku, ƙauyen kakanninku, abun kiɗan da kake riƙewa, ko abun da 'yan situdiyo suke tsokanarka da shi. In ka samu guda uku ka gwada su. Ka rubuta kowanne a YouTube da Audiomack da Boomplay da Spotify da TikTok da Facebook ka ga ko wani ya fito, in mai waƙa ya fito ko a wace ƙasa yake ka bar shi. Sannan ka faɗa wa mutum sunan a waya sau ɗaya ka ce ya rubuto maka, in ya rubuta daidai toh sunan ya yi. Ka kuma kira shi da ƙarfi yadda maroƙi zai kira, ka ji ko yana hawa kiɗa. Suna linzami ne, kar ka ɗauki wanda za ka ji kunyarsa in ka kai shekara 50 'ya'yanka suna makaranta.

In ka tsayar, rubutu ɗaya tak a ko'ina. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe mana mawaƙa a intanet, yau Muhammad gobe Mohammed, a fosta Shareef a bidiyo Sharif, nan Rahama can Rahma, na'ura kuma mutum biyu take ɗauka ta raba maka masu sauraro gida biyu. In sunan yana da ɗ ko ƙ ko ɓ ka yanke shawara tun farko, ni ina son haruffanmu ƙwarai amma yawancin masu nema a waya ba sa danna su, toh a sunan shafi gara ka sa wanda kowa zai iya bugawa. Kuma kar ka raina kuskuren harafi ɗaya a takarda. Mikel Obi ɗan Jos ne, Michael ne a sunansa, wajen yi masa rajistar gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2003 a Finlan aka rubuta Mikel, shi ya ji ya masa ya riƙe, duniya ta san shi da shi. Shi ya dace, amma akwai yara da yawa da bambancin harafi tsakanin fasfo da takardar haihuwa ya sa tafiya ta wargaje musu.

Wannan ya kawo ni kan takardu. Ba ka bukatar zuwa kotu yin takardar rantsuwa ko buga canjin suna a jarida, sunanka na NIN da BVN da akawun ɗin banki ya zauna yadda yake, da shi za a biya ka, da shi za ka sa hannu a yarjejeniya, sai dai a rubuta wane wanda aka fi sani da wane. Wajen rajistar waƙa ma gurbin marubucin waƙa sunan yanka ake sawa, gurbin mawaƙi kuma sunan sana'a. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 waƙar take karewa ba sunan ba, mai son kare suna sai ya yi masa rajistar tambarin kasuwanci a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci a Abuja, harkar nishaɗi tana rukuni na 41, kuma rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC daban take, ba ta maye gurbin waccan. A nan iyakata ta ƙare, ni ɗan rediyo ne ba lauya ba, ranar da ka kai matsayin yin wannan ko kuma wani ya aiko maka da takardar gargaɗi a kan suna, lauyan da ya san harkar za ka nema. Kuma kar ka ɗauka sabon suna zai sa waƙa ta karɓu, wannan aikin murya ne da rubutu da nufin Allah, abun da sunan zai yi maka shi ne in ta karɓu a san taka ce.

Game da waƙar da ta riga ta faɗa shafinsa, ka koma wajen wanda ya ɗora maka ka karɓi imel da kalmar sirrin akawun ɗin, dole su kasance a hannunka ba a hannun yaron situdiyo ba, ka ciro lambar ISRC ka rubuta wa kamfanin rarrabawar cewa an kai waƙa shafin da ba naka ba, ka nemi a buɗe maka sabo da sabon sunan. Na wasu watanni ka riƙa rubuta sabon suna a fosta da tsohon a ƙasa da ƙananan haruffa, ka kuma ambaci sabon da bakinka a farkon kowace waƙa yadda mawaƙanmu suka saba, daga baya ka sauke tsohon gaba ɗaya. Sannan in da hali ka nemi manajan takwaran naka ko shi kansa ka aika masa gaisuwa cikin ladabi, ka ce ranka ya daɗe waƙata ce ta shigo shafinka bisa kuskure kuma ina kan gyarawa, don kar ya ji a bakin wasu ya ɗauka da gangan ka yi. In ka tsayar da sunaye ukun ka turo min in taya ka dubawa kafin ka buga fosta.